Aiki ya raba ni da murhu, ko in ajiye shi in koma sayar da abinci?

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 34, muna zaune Birnin Kebbi da maigidana da ɗiyanmu uku. Akanta ce ni a wani kamfanin sarrafa shinkafa. Ƙarfe 7 na safe nike fita, ba ni dawowa sai an kira magariba, in wata ya zo ƙarshe har Asabar nike zuwa. Anti, tun ina 'yar shekara tara nike gindin murhu wurin kakata a Argungu, kuma ba abin da ke faranta min rai irin in ga an cinye abin da na dafa har an suɗe kwano. Yanzu ƙanwar maigida da ke zaune wurinmu ita ka dafa na rana, na dare kuwa sau da yawa taliya ce ko a sayo. Na gwada tashi ƙarfe 4 na asuba in yi tuwo in zuba a kula kafin in fita, ban daɗe ba na fara gyangyaɗi bisa tebur. Uwar mijina ta ce jikokinta sun rame, wai gidan da ba a tuƙa tuwon dare ba gida ba ne. Rannan ɗiyata ta fari, mai shekara 10, ta ce in koya mata kaɗa miyar kuka, na ce sai na samu lokaci, na shiga ɗaki hawaye na zuba. Ina tunanin in ajiye aikin in buɗe sana'ar abinci a gida. Maigida ya ce duk wanda na zaɓa, amma na san albashinsa shi kaɗai ba ya riƙe mu. Mi kike gani?

Maman Uku, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya mana yaran, ya sa albarka a nema.

Kada ki ajiye aikin nan. Ba yanzu ba, kuma ba a kan wannan dalilin ba. Na faɗa miki tun da fari don ki karanta sauran hankalinki a kwance.

Abu biyu kika haɗa kika ɗaure da igiya ɗaya, shi ya sa kayan suka fi ƙarfin wuyanki. Ɗaya shi ne ciyar da gida, cikin mutum shida da sai an cika shi sau uku a rana, ana so ko ba a so, da lafiya ko babu. Ɗayan kuma son girki, abin nan da kika ɗauko wurin kakarki. Ciyar da gida aikin gida ne, kowa da ke cin tuwon gidan yana da kaso a ciki. Son girki naki ne ke kaɗai, kuma ba sai kin ɗora tukunya 21 a mako zai rayu ba. Kin sa a ranki cewa in ba ke kika yi komai da hannunki ba, to kin ci amanar abin da aka koya miki. Daga nan ciwon ya samo asali.

Ki sake duba gidan kakarki da idon babba, ba da idon 'yar shekara tara ba. Mata nawa ne a tsakar gidan nan? Wa ke surfe, wa ke bakace, wa ke kai niƙa, wa ke ɗebo ruwa, wa ke faskare? A babban gida irin na da, girki zagayawa yake yi. Mai kishiya ɗaya ta yi kwana biyu ta huta biyu. In su huɗu ne, sai ta yi kwana shida ba ta taɓa muciya ba. Ga matan 'yan'uwan miji, ga 'yan mata, ga tsohuwa a inuwa tana tsinke zogale. Wadda ake cewa yau girkinta ne, sau da yawa abin da ya rage mata shi ne tuƙi da haɗa miya. (Ba cewa nake a yi miki kishiya ba, kada maigida ya karanta ya ce Anti ta ba da fatawa.) Ke kuwa so kike ki zama matan nan duka ke ɗaya, bayan kin kwashe kusan awa 12 kina fama da lissafin kamfani.

Kuma matan nan ba kullum suke farawa daga tushe ba. Wannan ne abin da 'yan baya muka manta. Da kaka ta yi ake shanya kuɓewa, a daka kuka a tankaɗe a cika tulu. Lokacin da tumatir ya yi araha a yanka a shanya ya zama kauɗa. Lawashin albasa a kirɓa a busar, ga gabu na shekara. Daddawar kalwa da ta batso, banda, ƙuli-ƙuli, dakakken yaji, soyayyen man shanu, naman layya da ake soyawa ya bushe ƙarau ya kai watanni, duk don ranar da ba lokaci aka tanade su. Ko ɓula ta ishe ki misali: a yi ta da yawa rana ɗaya, a cura, a dafa, a zuba cikin ruwa mai tsabta ana canja shi kullum, a yi kwanaki ana ɗiba ana ɗumamawa. Ban taɓa jin an ce wa mai ɓula malalaciya ba. Saboda haka in kika yi tanadin mako ɗaya a rana ɗaya, ba ki bar hanyar kakarki ba, ita kika bi.

Ga yadda nake ganin zai yi miki. Ranar Asabar da safe a yi cefanen mako. Ki markaɗa tumatir da tattasai da tarugu da albasa masu yawa, ki ɗora a wuta ba tare da kin ƙara ruwa ba, ki bar shi ya yi ta tafasa har ruwan jikinsa ya ƙone ya yi kauri, tsamin ya mutu. Sannan ki zuba mai ki soya a kan wuta kaɗan, kina juyawa, har ki ga man ya taso ya kwanta a sama kuma jan ya koma duhu-duhu. Ki bar shi ya huce, ki rarraba a ƙananan robobi, kowace roba ta girki ɗaya, don kada a riƙa narkar da babba ana mayarwa. Nama ki tafasa da albasa da citta da tafarnuwa, ki ware tsoka daban romo daban. Bandar ki wanke ta da ruwan zafi ki cire ƙaya tun ranar. 'Yar Argungu, garin da tun 1934 ake gasar kamun kifi a kogin Matan Fada, ba ni zan koya miki gyaran kifi ba. Gyaɗar miya a soya a markaɗa. Wake a surfa a shanya a niƙo gari, ga alala ga ƙosai ba tare da dogon jiƙo ba. Kuna zaune kusa da albasar Aliero da kifin Yauri, ga shinkafar fadama a ƙofar gida, abin da wasu ke biyan kuɗin mota mai yawa kafin ya iso musu. In albasa ta faɗi da rani ki saya da yawa, ki baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa.

Abin da ba na so ki yi shi ne ki gama miya tsaf ki daskarar. Kuka da kuɓewa tsinkewa suke in sun kwana a sanyi, ganye kuma ya yi laushi ya rasa ransa. Ki ajiye tushen miyar, ki bar ƙarshenta sai lokacin ci. In akwai romo, akwai soyayyen kayan miya, akwai gyararriyar banda, miyar kuka ba ta wuce minti 20. Shinkafar tuwo a jiƙa ta tun rana, ƙanwar maigida ta ɗora sanwa da la'asar sakaliya, ki shigo ki yi salla ki tarar ta yi luguf, ki tuƙa, ki kaɗa miya. Abin da ke sa yaro ya ce wannan girkin Mama ne ba wankin shinkafa ba ne, ba yankan albasa ba ne. Yawan daddawa ne, da lokacin da aka sa gishiri, da sanin sa'ar da za a sauke. Wannan mintocin na ƙarshe ki riƙe su, sauran ki sake su. Ba kuma kowane dare ba. Dare uku a mako ya isa a fara da shi.

In da hali ki sayi tukunyar nan mai murfin kulle da ke dafa abu da ƙarfin tururi, wadda ake ce wa furesha. Zafin cikinta yana kai wa kusan digiri 120, shi ya sa wake da ganda da ƙafar saniya ke nuna cikin ɗan lokaci, gas ma ya ragu.

Sai maganar zafi da wuta, don na san za ki ce Anti ta manta a ina kike. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi yana haura digiri 40, wutar lantarki kuwa ba a yi mata alkawari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki, domin tsakanin digiri 5 da digiri 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. To tuwon da kike kwashewa da asuba ki rufe a kula har bayan magariba, yawancin yinin a cikin wannan ɗumin yake yi. Shinkafa tana da haɗari na musamman a nan. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa, tafasa ba ta gamawa da ita, in dafaffiyar ta daɗe cikin ɗumi sai ta farfaɗo ta saki dafi, kuma ɗumame ba ya kashe dafin. Na san da ɗumame muka girma, amma da bazara a yi hattara da na shinkafa, musamman ga ƙananan yara. In an ɗauke wuta, firij yana riƙe sanyi kamar awa 4 matuƙar ba a buɗe shi ba. Firiza cikakkiya tana kai wa kwana biyu, wadda ke rabi kuwa kwana ɗaya. Saboda haka ki cike gurbin da robobin ruwa su daskare, ki kuma hana yara buɗewa don shan ruwan sanyi. Abin da ya narke ya yi ɗumi kada a mayar, a dafa shi ranar ko a haƙura da shi. In unguwarku tana kwana uku ba wuta, ki fi dogara da busassun kayan nan na kakanni, ki rage tanadin ɗanye zuwa na kwana biyu ko uku.

Tashin ƙarfe 4 kuwa ki daina daga yau. Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye. Akanta mai gyangyaɗi sifiri ɗaya za ta ƙara ko ta rage, aikin da kike tunanin ajiyewa da mutunci a raba ki da shi ba mutunci.

Yanzu maigida. "Duk wanda kika zaɓa" magana ce mai daɗin ji, amma in kin duba, sakar miki kayan ya yi ya koma gefe. Ba na zarginsa da mugunta, yawancin mazanmu ba su san adadin hannun da ke shiga cikin malmala ɗaya ba. Kada ki ce masa "ka riƙa taimaka min", zai ce to, a wuce wurin. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki ce: Baban yara, cefanen Asabar da kai markaɗe da cika gas na bar maka su. Abu uku, masu suna, masu rana. Kuɗin albashinki yana shiga gidan nan, to lokacinsa shi ma ya shiga. Addini bai bar ki ke kaɗai a nan ba. An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Bukhari ne ya ruwaito. A fiƙihun Malikiyya da muke bi kuma, mace tana hidimar cikin gida bisa al'ada, amma mijin da ke da wadata an ɗora masa samar wa matarsa mai taya ta aiki. Ku tambayi malamin unguwarku tare, ya fi a ce ke kika zo da fatawar.

Ƙanwarsa da ke dafa muku na rana, ki riƙe ta da kyau. Ba 'yar aiki ba ce. Kada girkinku ya ci karatunta, ki riƙa yi mata alheri na musamman, ki yaba girkinta a gaban yayanta. In za ku ɗauki mai aiki, ku nemi babbar mace ku biya ta haƙƙinta a kan lokaci. Ban yarda a ɗauko 'yar shekara 11 daga ƙauye a raba ta da makaranta don taki 'yar ta samu zuwa ba.

Hajiya uwar mijinki kuwa kada ki yi musu da ita, ba za ki ci ba, in ma kin ci kin faɗi. Kuma a cikin maganarta akwai gaskiya ɗaya: taliya kullum dare ba abincin yaro mai girma ba ne. Ranar da dole sai ita, a fasa ƙwai, a watsa alayyafo ko zogale, a sa kifi. In ramar tana damunki, ki kai su a auna nauyinsu a asibiti, ma'auni ya raba gardama. Sauran maganar tata kuwa neman a san da ita ne. Ki je ki gaishe ta, ki ce: Hajiya, daddawar kasuwa ba ta kai taki ba, a taimaka mana da ita da kuka. Ki ba da kuɗin kalwa. Duk Lahadi kwanonta ya isa gabanta da zafinsa. Surukar da daddawarta ke cikin miyar gidan ɗanta ba ta cika kushe miyar ba. Abin da ya yi saura, ɗanta ne zai tare miki, wannan ma ki sa shi cikin abubuwan da kika bar masa.

Lahadin nan ita ce taki. Ranar ba ciyar da gida za ki yi ba, girki za ki yi, irin wanda ke cin lokaci kuma ba a gaggauta shi: masa da miyar taushe wadda aka kwaɓa ƙullunta tun daren Asabar, dambun shinkafa da zogale, sinasir, farfesun giwan ruwa. Abu ɗaya kawai, ba biki ba. Ki kashe waya. Kuma 'yarki tana gefenki, wannan Lahadin mai zuwa, ba sai kin samu lokaci ba, don lokacin ba zai zo da kansa ba. Ki bar ta ta ji da hancinta sa'ar da daddawa ta nuna warinta ya koma ƙamshi. Ki rage wuta, ki ba ta maburgi, ke kina barbaɗa kukar kaɗan-kaɗan ita tana kaɗawa. Za ta yi gudaji a karon farko, za ta cika kuka a na biyu miyar ta yi kauri ta yi ɗaci. A ci hakanan, babanta ya ce ta yi daɗi. Ki sayi littafi guda ki riƙa rubuta awon kakarki da duk wata dabara tata da kike tunawa. In tana raye ki je ki ɗauki muryarta a waya tana bayani, in ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, gwaggonninki da innoninki suna nan.

Batun sana'ar abinci ban raina shi ba, mata da yawa sun gina gida da shi. Amma ki san abin da za ki saya. Mai sayar da abinci ba abin da ranta ke so take dafawa ba, abin da ke fita take dafawa, kala biyu ko uku, kullum, shekara da shekaru. Tashin asubar da ya kayar da ke shi ne farkon aikinta. Ga bashin 'yan'uwa da maƙwabta da ba a iya tambaya, ga kwantai ranar da kasuwa ta ƙi, ga farashin da ke canjawa tsakanin cefane da cefane. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kin ga yadda kaya suka yi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Na ga matan da suka shiga sana'ar don son girki, suka wayi gari ko ƙamshin soyayyar albasa ba sa son ji. Kujerar da kike kai kuma ba a tsintar irinta a hanya. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 harkar shinkafa ta buɗe a jihar, amma guraben akanta ƙidayayyu ne, ranar da kika tashi wani zai zauna. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Ke kin sani?

In har zuciyarki ta nace, ki gwada ba tare da kin saki albashi ba. Bayan gidan ya daidaita, ki karɓi odar abu ɗaya ranar Asabar, a biya kafin a dafa, ki yi wata uku a haka. Ke akanta ce, ki buɗe masa littafi kamar na kamfani: kayan miya, gas, ruwa, leda da robobi, kuɗin mai kai saƙo, da ladan awoyinki, wanda mata suka fi mantawa da shi su ɗauka riba suka ci. In lissafin ya nuna zai iya maye albashinki, kuma kina da ajiyar da za ta riƙe gida wata shida, ki sake rubuto min mu yi wata maganar. Haka kuma in aikin ya fara taɓa lafiyarki da gaske, hawan jini ko rashin barcin da ya ƙi gyaruwa, nan ma shawarata za ta canja.

A wurin aiki ki duba takardar ɗaukarki, ki ga ƙarfe nawa aka rubuta tashi da kwana nawa ne hutunki na shekara. Sau da yawa zaman bayan la'asar sabo ne kawai, ba wanda ya taɓa tambayar dalilinsa. Ki nemi ko rana biyu a mako ki riƙa tashi a kan ƙa'ida, Asabar ɗin ƙarshen wata kuma a ba ki wata rana a madadinta. Hutun shekarar ki nemi ya faɗo cikin azumi, ki kai takardar tun da wuri kafin wasu su riga ki. Garin kunu da tsamiya da garin ƙosai da kayan yaji kuma a gama da su tun cikin Sha'aban.